Gwaggo, Wadda Ta Ɗinke Hannun Autanmu a Cikinsa

Na Allah ne mu duka, mai sanyin hali da mai zafin rai, kuma wurinsa kowa zai koma. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta rasu wata Talata da hantsi a gidanta na Gwarinpa. Bayan la'asar muka rufe ta. Washegari aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, mutane suka fara zuwa gaisuwa.

Ba wanda ya tsara zaman, amma rumfar ta rabu biyu da kanta. Gefe ɗaya dangi ne da suka iso daga Zariya, manyan riguna, carbi a hannu, ana magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya gefen kuwa mutane ne da yawancinsu ban taɓa gani ba, amma ko ba a faɗa maka ba ka san inda suka san ta, don Gwaggo likitar ƙuna ce. Wani kunnensa ya narke ya manne da kai. Wata wuyanta ya yi faci-faci. Wani ya miƙo min hannu mu gaisa, na kama na ji yatsun ba su cika ba. Su suka fi kowa kuka, kuma su suka fi kowa zaginta a cikin kukan.

Wani bakanike ɗan Binuwai mai gareji a Karmo ya riƙe ni yana girgizawa. Ya ce, "Oga, Mama Dokta mugu ne. Wallahi mugu ne! Ya kankare ni kamar doya, ina ihu, ya ce in rufe baki. Amma duba bayana." Ya ɗaga riga a gaban kowa ya juya. Sannan ya ce, "Yanzu wa zai yi mana?" Ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Abokan aikinta suka zo da gilasansu, rabin maganarsu Turanci, suna ta faɗin ta tafi ta bar aiki a tsakiya. Innarmu kuwa da aka yi mata gaisuwa cewa ta yi, "Allah ya jiƙanta, ta iya aikinta," ta ja bakinta ta tsuke. Sai wani baffanmu ya gyara murya, ya ce, "Allah ya yafe mata abin da ta yi wa yayanta. Mace ta ɗaga hannu a kan wanda ya raine ta, ai sai dai addu'a." Gefen dangi ya amsa da amin mai ƙarfi. Autanmu, wanda a kansa aka yi abin, ya miƙe ya bar rumfar.

Ni tayil na gini nake sayarwa, bakina ya saba da musu, amma ranar na haɗiye shi don ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Ya tsaya min a wuya har yau. Ba zan yarda a ce abin da ya rage na Gwaggo a bakin danginta shi ne mari ɗaya ba. Ta yi marin, a gabana ta yi shi, kuma ubana ta mara. To amma a ji yadda aka yi.

Gwaggo ba ta da daɗin sha'ani, wannan kam ba zan rufe ba. Gajeruwa ce, muryarta ta fi jikinta, kuma kullum tana warin maganin asibiti ko da ranar sallah ce. In ka durƙusa gaishe ta, ba ta sauraron gaisuwar. Sai ta cafko yatsanka ta danna farcen har ya yi fari, ta saki, ta zuba ido ta ga yadda jan zai dawo. In ya dawo da sauri ta ce, "To, kana nan." In ya yi nawa ta ce, "Kai ba ka cin abinci, ko sigari ka fara?" Tun muna yara take mana haka, har na yi furfura ba ta daina ba.

Ban manta wata rana da na raka ta kasuwar Karmo ba. Muna tafe sai ta tsaya cak a gaban wani mai sayar da kananzir, ta ɗauki jarkarsa ta shinshina. Ta ce, "Ka zuba fetur a ciki." Ya ce, "Haba Hajiya, wallahi..." Bai ƙarasa ba ta kifar da jarkar a kwata. Mutumin ya ɗauko mazurari zai kwaɗa mata, 'yan kasuwa suka taru, ni duk na tsure. Ita ko a jikinta. Ta nuna shi da yatsa tana cewa, "Yaran da fitilarka ta fashe wa a fuska suna wurina. Zo in kai ka ka gan su, ɗan banza!" Da kyar na tura ta cikin mota, tana ta leƙowa ta taga tana ƙara masa.

Wannan matar ce kuma za ka tarar a gefen gadon wanda hannuwansa biyu ke naɗe, tana ɓare masa lemo tana sa masa a baki. Daga tukunyarta take kawo ƙwai da kifi, don ta ce fata ba ta tsirowa da koko. Tana ba ka tana zaginka: "Haɗiye, malalaci. Ka ɗauka otal ka zo?"

A shekarunta na ƙarshe hannunta ya fara rawa, ta ajiye wuƙar tiyata. Muka ce to, Gwaggo za ta huta. Ina! Sai ta haɗa kai da wasu matasa masu ilmin kimiyya da wani injiniya, suka sami ɗaki a wajen gari, suka duƙufa wai sai sun ƙera fata. Ba ta roba ba, fata mai rai. Na taɓa kai musu tayil na bango, ta ja ni ciki bayan ta sa na wanke hannu kamar zan yi wa wani tiyata. Ta nuna min wani ɗan faranti mai murfi, a ciki akwai abu fari-fari mai santsi, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, siraran bututu suna tura masa wani ruwa mai ja-ja. Ta ce in leƙa ta madubin da ke ƙara wa abu girma. Na ga zare-zare sun yi rassa sun sarƙe, kamar saiwar albasa.

Ta ce, "Hanyoyin jini ke nan. Fata ba riga ba ce da za ka rataya wa mutum, sai ta ci ta sha. Wadda muke yankowa daga cinya mu dasa, zuwa take yi da yunwa, ta kwanta shiru tana jiran naman da ke ƙasa ya turo mata hanyoyi. In ta motsa kafin su iso, ta mutu. In ƙasan babu nama, ta mutu. Ni so nake in yi wadda za ta zo da hanyoyinta a shimfiɗe. Kai da ke harkar gini, ba ka ga gidan da aka sa wa bututun ruwa tun daga tushe ba? Sai dai a zo a jona."

Aikin ya ba ta wuya. In aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, abin da suka yi watanni suna reno sai ya ruɓe kafin azahar. Na ga ta shuri janaretan nan da ƙafa har takalminta ya cire. Kuma ƙwayoyin halittar da suke shukawa su tsiro fata, daga fatar da ake cirewa wajen kaciyar jarirai suke samo su, da yardar iyaye. Ka san garin nan da zancen tsafi. Ba a daɗe ba aka fara raɗa cewa likitar tana tara wa 'yan siyasa kayan asiri, har wata rana samari suka yi wa motarta ruwan duwatsu, gilashi ya tsaga mata goshi. Ta ɗaure da ɗankwali ta wuce aiki. Har ta koma ga Allah ba a kai ga dasa fatar nan a jikin mutum ko ɗaya ba, kuma na san hakan ya ci mata rai.

Abin da ya jefa ta cikin wannan wahala hannun autanmu ne.

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula Abuja ta dinga kumbura, ko'ina gini, manyan motoci ba sa yankewa a hanya. Ni ma a lokacin na buɗe shago, autanmu yana jan a-kori-kura yana kai min kaya. Wata rana da azahar yana dawowa ta hanyar Gwagwalada, tankar mai ta faɗi a kusa da Tungan Maje, fetur ya malale a kwata. Mutane suka fito da jarkoki da bokitai, har da tukwanen girki, suna ɗiba suna dariya. Motoci suka cunkushe, shi ma ya maƙale a ciki. Ya ce bai ji ƙara mai yawa ba, iska mai zafi ce kawai ta buge shi, sai ya ga kwatar nan ta zama wuta tana gudu ta ƙarƙashin motoci.

A gabansa akwai bas cike da mutane, ƙofarta ta ƙi buɗuwa, suna dukan gilashi. Ya naɗe hannun damansa da tsumman da yake goge inji, ya kama mariƙin ƙofar yana ja. Tsumman ya sha mai, ya kama da wuta, shi kuwa bai saki ba sai da ƙofar ta ɓalle. Mutanen suka tattake shi suka fita.

Da na isa wurin, abin da na gani ban so in faɗe shi duka. Wari ne ya fara tarata tun daga nesa, na taya da na nama. Na ga wani mutum tsirara yana tafiya a tsakiyar titi, fatar hannuwansa tana reto, yana tambayar kowa ko an ga takalminsa. Na ga mace tana birgima a ƙasa tana kiran sunan yaro. Masu taimako suna ta fasa ɗanyen ƙwai a kan ƙuna, wasu suna zuba gishiri, wasu baƙin mai na inji. Autanmu na tarar a jingine da wata bishiya, an riga an bulbula masa baƙin man a hannu. Ya dube ni ya ce, "Yaya, tayil ɗinka sun fashe."

Na kai shi asibitin da Gwaggo take aiki, tana ganin hannun ta ce, "Wane jaki ne ya zuba masa wannan?" Ba ta jira amsa ba. Majinyata sun yi yawa ranar, allurar kashe zafi ba ta isa kowa ba, ta ce in danne masa ƙafafu. Ta ɗauki buroshi ta shiga dirza. Baƙi yana fita, mataccen nama yana biyo shi, shi yana ihu yana kiran Inna, gadon yana jijjiga. Na ce, "Gwaggo, don Allah a hankali!" Ta ce, "In ba za ka iya ba ka fita." Tafin hannun ya tsira don a dunƙule yake, amma bayan hannun har zuwa wuyansa ya cinye, saura ɗan siririn nama ja a kan jijiyoyin da ke jan yatsu.

Da wurin ya tsabtata ta shiga da shi tiyata, ta fere fata siririya daga cinyarsa ta shimfiɗa a kan ɗan naman nan, ta ɗinke, ta naɗe da bandeji mai kauri. Ta fito ta tara mu. Ta ce, "Ku ji da kyau. Fatar nan yanzu ba ta da rai ba ta mutu ba. Kwanaki take buƙata ba motsi. Ba mai shiga, ba mai taɓawa. In ta zame, ban da wani nama a ƙasa da zan sake dasawa a kai, hannun zai tafi."

To, ka faɗa wa Bahaushe kada ya yi dubiya! Mota-mota dangi suka dinga zuwa daga Zariya da kulolin abinci, kowa yana so ya shiga ya dafa shi, ya yi masa tofi, ya ce sannu. Ta tare ƙofa ta ce, "A yi addu'ar daga nan, Allah yana ji." Aka fara cewa boko ya cinye ta, ta hana zumunci.

Baba ya fi kowa shan wuyar dokar. Shi ya raini Gwaggo bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya dinga ɗaukarta a keke zuwa makaranta lokacin da ake masa dariya wai yana ɓata ƙarfinsa a kan karatun mace. Akwai wani suna da yake kiranta da shi tun tana goye, wanda duk duniya ba mai kiranta da shi sai shi, kuma in ya kira, duk zafinta sai ka ga ta yi laushi. Ga shi kuma duk cikinmu ba wanda yake so kamar auta. Yana jin nishin ɗansa ta bango, an hana shi ko dafa masa goshi. Ya daure, ya daure, ya kasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Gwaggo tana tiyata da wani, mai gadin ɗakin bai dawo daga masallaci ba. Baba ya shiga da baffan nan da wani surukinmu, riƙe da kwalbar ruwan tofi da aka haɗa da man zaitun. Ya warware bandejin da hannunsa. Ya zuba, ya shiga murzawa a hankali yana karatu, yadda ake murza targaɗe. Wallahi ba da mugunta ba, hawaye yake yi. Ni na taho da abinci, muka yi kiciɓis da Gwaggo a bakin ƙofa, muka shiga tare. Fatar ta zame gaba ɗaya ta nannaɗe a wuyan hannun kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Ta ce, "Yaya, me ka yi?"

Ya ce, "Addu'a na yi wa ɗana. Ko ita ma sai da izininki?"

Ta dubi hannun, ta dube shi. Sai ji muka yi tas! Hularsa ta faɗa cikin tasar wanke ciwo. Kafin wani ya motsa ta ci kwalar babbar rigarsa tana ja, rigar ta yage tun daga wuya, ta tunkuɗa shi waje har ya bugi bango. Ta wawuri kwalbar ta jefa, ta tarwatse kusa da kan baffa. Tana ta ihu, "Ka kashe ta! Ta fara kamawa, ka kashe ta!" Nas-nas suka rirriƙe ta. Ta ce da masu gadi duk ranar da suka sake barin mutumin nan ya wuce ƙofar asibiti, su nemi wani aikin. Baba ya sunkuya ya ɗauki hularsa tana ɗiga, ya riƙe yagaggiyar rigar da hannu ɗaya, ya fita a gaban surukinsa.

Na tsani Gwaggo a wannan lokacin. Kular abincin tana hannuna, kuma Allah ne kaɗai ya hana ni rotsa mata ita. Ubana ne, dattijo, ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganin kansa ba hula a waje ba.

Abin da ta faɗa kuwa shi ya faru. Ciwon ya yi ruwa, ya fara wari, ɗan naman da ya rage ya narke. Da aka buɗe sai ga jijiyoyin fari tas a fili, in ya motsa yatsa kana ganin suna zamewa. Wani likita abokin aikinta ya ce gara a yanke daga wuyan hannu kafin ruɓar ta hau sama. Dangi suka ce a ba su ɗansu su kai shi gida wurin mai maganin gargajiya. Ta ce da likitan a'a, ta ce da dangi su zo su ɗauke shi in sun isa. Ta ce, "Hannun dama ne. Da shi zai ci tuwo, da shi zai gaisa da mutane, da shi yake sa giyar mota. Ba a yanke shi ina tsaye."

Ta zauna a gefen gadon ta yi wa auta bayani ba ɓoye-ɓoye. Fatar cinya ba za ta kama a kan jijiya ba, don jijiya ba ta da jinin da za ta ba ta. Sai an kawo fatar da ke da hanyoyin jininta. Don haka za ta ɗaga fatar cikinsa da kitsenta ta gefe uku, ta bar gefe ɗaya a manne, ta cusa hannun a ƙarƙashi ta ɗinke. Cikin ne zai ciyar da fatar har ta yi saiwa a gefen hannun, sannan a raba su. Ya ce, "Gwaggo, ki yi duk yadda kika ga dama, kada dai a yanke."

Haka ya kwanta kusan wata guda hannunsa a ɗinke da cikinsa, an ɗaure damtsen da ƙirji. Kafaɗa ta sandare, hammata ta yi gyambo, ƙaiƙayi ya hana shi sakat. Wata safiya zazzaɓi ya juya masa kai, ya ga kamar yana cikin wutar, ya yunƙura zai fizge hannun. Zare biyu suka tsinke, jini ya ɓalle. Gwaggo ta haye gadon ta danne masa ƙirji da gwiwa, ta gaura masa mari har ya dawo hayyacinsa, ta sa aka ɗaure shi da zani a jikin ƙarfen gado. Tana sake ɗinkin tana cewa, "Na rasa yayana a kan hannun nan. In ka ɓata min shi, ni zan kashe ka, ba wuta ba."

Shi kuwa Baba bai koma Zariya ba. Kullum da safe sai ya zo ya shimfiɗa buzunsa a gindin wani dogon yaro da ke wajen ƙofar asibitin, da butarsa, ya zauna har magariba. Ni nake kai masa labari. Bai taɓa tambayar Gwaggo ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa ba, sai dai na lura ta daina fita ta wannan ƙofar.

Ta fara gwaji. Sai ta matse gefen da ke manne da ciki ta tsayar da jinin, ta zuba wa fatar ido. Karo na farko fatar ta yi fari, ta koma toka-toka. Ta saki da sauri, ta ce ba yanzu ba. Ta ƙara jira, ta sake, ta ƙara jira. Har ranar da ta ce gobe za a raba.

Da aka fito da shi daga tiyata hannun yana gefe, a rabe, karon farko. Ta bari na tsaya a bayanta. Ta ɗaga audugar. Fatar ta kumbura kamar burodi, kalarta ba ta gaya maka komai. In akwai jini a cikinta, hannun ya tsira. In babu, babu sauran dabara, sai wuƙa. Ta ɗauki allura ta soka a tsakiya. Ba komai. Ta matsa gefe ta sake sokawa, ta jira. Sai ga wani ɗan ɗigo ya taso a hankali, ja jawur, ya yi girma ya gangara. Ta goge, wani ya sake fitowa. Auta yana magagin allura yana cewa, "An yanke?" Ta ce, "Rufe min baki, jini kake yi."

Hannun ya rayu. Ya fi ɗan'uwansa kauri, gashin ciki yana fitowa a bayansa har yau, muna tsokanarsa da shi, amma da shi yake tuƙi, da shi ya ɗauki 'ya'yansa.

Gwaggo ba ta ko cire kayan tiyata ba. Ta fita ta ƙofar da ta daina bi, na biyo ta. Baba yana zaune a kan buzunsa, masu sayar da ayaba da 'yan acaɓa duk suna wurin. Ta durƙusa a ƙasa a gabansa, gwiwa biyu, matar da ban taɓa gani ta rusuna wa kowa ba. Ta ce, "Yaya, hannun ya kama. Ka yafe mini."

Baba ya ce alhamdulillahi, ya shafa fuska. Ya miƙe ya kaɗe buzunsa ya naɗe, ya ɗauki butarsa. Sannan ya ce, "Allah ya saka wa likita da alheri."

Ya juya ya tafi. Daga ranar har ya bar duniya bayan wasu shekaru, in dole ta kama ya ambace ta, likita yake cewa. Sunan nan nasa bai sake fitowa daga bakinsa ba.

Gwaggo ta jima a durƙushe kafin ta tashi. Muna komawa ciki, ƙasa a gwiwoyin wandonta, hawaye yana zubo mata tana sharewa da bayan hannu kamar yarinya. Na ce, "Gwaggo, zai huce." Ta ce, "Ba zai huce ba, na san yayana." Ta yi 'yan taku, ta tsaya. Ta ce, "Kuma da yau zan sake tarar da shi yana murza hannun nan, wallahi sai na sake marinsa."

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da marin da kuma hannun. Ka yafe mata na farkon, ka karɓi na biyun. Ka sanyaya mata makwanci, ita da ta ƙare rayuwarta a kan waɗanda wuta ta ci. Ka jiƙan Baba, ka cire masa abin da ya tafi da shi a zuciya, ka haɗa su a inda zai sake kiranta da sunanta. Amin.